Tarihin Motar Da Ke Tafiya Da Bel

Jama'a, duk wanda ya tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Gidan Rumji ya ga manyan motoci masu suna DAF a goshi. Kamfanin da ke ƙera su yana birnin Eindhoven, cikin ƙasar Holan. Amma ba kowa ya san ya taɓa yin ƙananan motoci ba.

Wanda ya kafa kamfanin, Hub van Doorne, an haife shi a 1900. Ya buɗe ɗan shagonsa na aikin ƙarfe a 1928. A zamaninsa, ƙaramar mota sai direba ya taka da ƙafa, ya canza giya da hannu, wato bitas. Motoci masu canza wa kansu akwai su a Amurka, sai dai manya ne, masu tsada, masu shan mai. Shi kuwa talaka yake so ya samu wannan sauƙi.

A 1958 ya nuna motarsa DAF 600 a birnin Amsterdam. Aka fara sayar da ita a 1959. Dabarar da ke cikinta sunanta Variomatic.

Wanda ya taɓa kai hatsi injin niƙa a Cadakori zai gane ta da sauri. Kun ga bel ɗin roba da ke haɗa injin da maniƙa? To, irinsa ne. Bambancin yana ga ƙarafan da bel ke hawa. Ku ɗauki malafa biyu, ku sa tsinin wannan ya dubi tsinin waccan. Bel yana tsakaninsu. In kun matse su, bel ya hau sama, ya yi babban kewaye. In kun raba su, ya faɗa ciki, kewayen ya ƙanƙance. Akwai irin wannan biyu, ɗaya wajen inji, ɗaya wajen ƙafa. Idan mota za ta tashi, na wajen inji ƙarami ne, sai ta sami ƙarfin ja. Da gudu ya ƙaru, sai ya faɗaɗa da kansa. Direba bai taɓa komai ba. Sanda ɗaya ce gare shi: gaba ko baya.

Bel biyu ne a motar, kowace ƙafar baya da nata. In ɗaya ya tsinke, ɗayan yakan kai mutum gida. Wanda mota ta taɓa mutu masa a daji ya san darajar wannan.

Wani abin dariya kuma, yadda take gudu gaba haka take gudu da baya. Har mutanen Holan suka riƙa tseren motoci da baya, ana nunawa a talabijin.

Duk da haka samari sun raina ta. Suka ce motar tsofaffi ce. A ganina ba su yi mata adalci ba, ko da yake tana da aibi na gaske: roba tana cinyewa, kuma ba ta ɗaukar babban inji. A 1975 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya karɓe sashen ƙananan motocin, ya ci gaba da sa bel ɗin roba har 1991.

Van Doorne bai zauna ba. Ya koma neman bel na ƙarfe. Ya rasu a 1979, bai ga amfaninsa ba. Sai a 1987 aka sa shi cikin Ford Fiesta da Fiat Uno. Yau motocin Toyota, Nissan da Honda da yawa da shi suke aiki, har da tsofaffin da ake kawowa Maraɗi. Sunansa CVT. Mai irin wannan mota ya kula, mansa daban yake da na sauran giya. In an zuba wanda ba nasa ba, bel ya dinga zamewa, gyaran kuwa da tsada.

Na roba ma bai ɓace ba. Wasu Mobylette da Peugeot 103 da iyayenmu suka hau da ɗan'uwansa suke tafiya. In kun ga makanike ya buɗe gefen irin wannan babur, ku leƙa, za ku ga malafun nan biyu da bel tsakaninsu.