Yadda "of", "in" da "by" ke sauya ma'anar doka da labari a Ingilishi

Da Ingilishi aka rubuta kundin tsarin mulkin Najeriya, da shi majalisa ke tsara dokoki, da shi kuma kotuna ke rubuta hukunci. Duk mai son fahimtar abin da hukuma ta faɗa, ba ta bakin mai fassara ba, sai ya san aikin wasu ƙananan kalmomi da ido ke tsallakewa: "of", "in", "at", "by", "to", "from", "with", "within". Sau biyu, a 1979 da 2023, taƙaddamar kujerar shugaban ƙasa ta kai gaban Kotun Ƙoli a kan yadda ya kamata a karanta jerin irin waɗannan kalmomi.

Mene ne harafin dangantaka?

A nahawun Ingilishi ana kiran waɗannan kalmomi "preposition". Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ya san takwarorinsu da sunan huruful jarri. Aikinsu shi ne nuna dangantakar suna da sauran jimla: wuri, lokaci, dalili, hanya ko mallaka. Harafin yakan zo da farko, suna ko wakilin suna ya biyo baya, su biyun su zama yanki guda, kamar "in Kano" ko "after the election".

Yankin yakan yi ɗayan ayyuka biyu. Ko dai ya bayyana sunan da ya gabace shi, kamar "the governor of Kaduna", wato gwamnan Kaduna, ko ya bayyana aikatau, kamar "he spoke in Kaduna", wato a Kaduna ya yi jawabi. Jawabin Abraham Lincoln na Gettysburg, ranar 19 ga Nuwamba 1863, ya shahara da yankuna uku a jere: "of the people, by the people, for the people". Sunan bai canza ba, harafin ne ya raba ma'ana uku: gwamnati ta jama'a ce, su ke gudanar da ita, don amfaninsu ake yin ta.

Wuri, lokaci da adadi

Hausa na amfani da "a" a wuraren da Ingilishi ke raba aikin gida uku. "At" na ƙayyadadden wuri ne ko sa'a: "at the polling unit", "at noon". "On" na rana ne ko saman abu: "on Monday". "In" na gari ne, ko ƙasa, ko wata, ko shekara: "in Sokoto", "in 2023".

Inda kuskure ya fi tsada shi ne wa'adi. "By Friday" na nufin a kammala abu kafin Juma'a ta wuce, "until Friday" kuma na nufin abin zai ci gaba har zuwa Juma'a. Sashe na 285 na kundin 1999 ya ce a shigar da ƙarar zaɓe "within 21 days after" ranar bayyana sakamako, kotun kuma ta yanke hukunci "within 180 days from" ranar shigar da ƙarar. "Within" ya kafa iyaka, "after" da "from" suka nuna inda ƙidaya ke farawa. Ɗan takarar da ya makara da kwana ɗaya ya rasa ƙararsa, komai ƙarfin hujjojinsa.

Haka abin yake a labarin kuɗi. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi "from 5 per cent to 7.5 per cent". "To" na nuna inda adadi ya tsaya, "by" na nuna yawan ƙarin. Wanda ya rubuta "by 7.5 per cent" a wannan labari ya ba da adadin da ba shi ne ba.

Kalmomin da ke tafiya da harafinsu

Aikatau da yawa na da harafin da al'adar harshen ta ɗaura musu, ba don wata ƙa'ida ba, sai dai a haddace su tare. Labaran kotu cike suke da su, kuma kowanne mataki ne dabam: "accused of" zargi ne, "charged with" tuhuma ce a gaban alƙali, "convicted of" an same shi da laifi, "sentenced to" an yanke masa hukunci, "acquitted of" an wanke shi. Mai gwama waɗannan a Facebook kan ɗaure mutumin da ko gurfana bai yi ba.

Ingilishin Najeriya na da nasa salon. Ana yawan jin "discuss about" da "congratulate for", alhali a daidaitaccen Ingilishi "discuss" ba ya ɗaukar harafi, "congratulate" kuma da "on" yake tafiya. A hira babu wanda zai kasa ganewa, amma a jarrabawa ko takardar neman aiki ana ƙirga su cikin kurakurai.

Harshen doka kuma na da nasa haruffan. "Subject to" na nufin wannan sashe na ƙarƙashin wancan, "notwithstanding" na nufin wannan sashe ne ke rinjaye ko da wancan ya faɗi akasinsa. Da su ake gane wanda zai yi galaba idan sassa biyu suka ci karo.

Jimlar da ta kai ga Kotun Ƙoli

Sashe na 134, ƙaramin sashe na 2, ya ce bayan samun ƙuri'u mafi yawa, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu "not less than one-quarter of the votes cast at the election in each of at least two-thirds of all the States in the Federation and the Federal Capital Territory, Abuja". Yankuna shida ne aka jera, kowanne na rataye da wani, kuma daga rataye ɗin rigima ke tasowa.

A zaɓen 11 ga Agustan 1979 dokar zaɓe na ɗauke da irin wannan sharaɗi, jihohi kuma 19 ne. Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100. Obafemi Awolowo na UPN ya ce "two-thirds of" jihohi 19 na nufin 13, domin ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce lissafin 12 ne da biyu bisa uku, don haka a jiha ta 13 ana buƙatar kashi ɗaya cikin huɗu na biyu bisa ukun ƙuri'unta kawai. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa masu rinjaye.

A 2023 gardamar ta koma wutsiyar jimlar. Bola Tinubu bai kai kashi 25 cikin 100 a Abuja ba. Masu ƙara suka ce Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa, tamkar "in" ya sake dawowa gabanta. Ɗaya ɓangaren ya ce Abuja na ƙarƙashin "two-thirds of" ne tare da jihohi 36. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, ranar 6 ga Satumba, ta ɗauki karatu na biyu, tana dogaro da sashe na 299 wanda ya ce a ɗauki Abuja kamar ɗaya daga cikin jihohi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka ranar 26 ga Oktoba.

Irin wannan matsala ba ta tsaya a Najeriya ba. Ƙuduri mai lamba 242 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 22 ga Nuwamba 1967, ya nemi sojojin Isra'ila su janye "from territories occupied" a yaƙin shekarar. Rashin "the" bayan "from" ya buɗe ƙofar muhawarar da ba ta ƙare ba har yau: daga dukkan yankunan ne za a janye, ko daga wasunsu?

Yadda ake warware doguwar jimla

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara gano mai aiki da aikatau, sannan a ware kowane yanki da ya fara da harafin dangantaka, a tambayi kalmar da yake bayyanawa. A mafi yawan lokuta yankin na manne ne da sunan da ya fi kusa da shi ta baya, sai dai ba kullum ba. "The police stopped the man with a gun" na iya nufin mutumin ne ke riƙe da bindiga, ko kuma da bindiga 'yan sanda suka tsayar da shi. Idan "and" ya biyo bayan jerin yankuna, sai a duba ko harafin da ya gabata ya haɗa abubuwan biyu ko ya tsaya a kan na farko. Inda jimla ta karɓi karatu biyu, sauran sassan takardar ne ke raba gardama, kamar yadda sashe na 299 ya yi wa sashe na 134.