Holmes: Gundumar Karkarar Amurka da Ba Ta Watse Ba

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Amurka a 2020 ta nuna cewa fiye da rabin gundumomin ƙasar sun ragu a yawan mutane idan aka kwatanta da 2010. Galibinsu na karkara ne, kuma da dama suna yankin da ake kira Tsakiyar Yamma, wato ƙasar masara da waken suya da ta miƙe daga jihar Ohio har zuwa Nebraska. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: injin noma ya karɓe aikin hannu, gona ɗaya ta haɗiye goma, samari suka nufi birni, makarantu da shaguna suka bi sahu wajen rufewa. A cikin wannan yanki akwai gundumar Holmes ta jihar Ohio, wadda jama'arta suka ninka fiye da biyu daga 1950 zuwa yau, ba tare da ta samu birni ba. Tarihinta ya cancanci nazari.

Gunduma a tsarin Amurka matakin mulki ne da ke ƙarƙashin jiha, kusan kamar ƙaramar hukuma a Najeriya. Ohio tana da guda 88. Holmes na arewa maso gabashin tsakiyar jihar, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 1,100, kuma an kasa ta gida 14. Hedikwatarta Millersburg ce, garin da mazaunansa suka ɗan haura 3,000. Shi ne mafi girma. Sauran ƙauyuka ne irin su Killbuck da Holmesville da Berlin da Walnut Creek da Charm da Mount Hope.

Ƙasar kanta tana da hannu a labarin. Dubban shekaru da suka wuce, ƙanƙarar da ta malalo daga arewa ta daddaɓe yawancin Tsakiyar Yamma, ta bar shimfiɗaɗɗen fili mai albarka. Iyakar inda ta tsaya ta ratsa ta cikin Holmes. Saboda haka arewacin gundumar tudu ne mai sauƙi, kudancinta kuwa kwazazzabai ne da tsaunuka masu daji. Rafin Killbuck ya sauko daga arewa zuwa kudu, ya raba ta gabas da yamma. Irin wannan ƙasa ba ta dace da manyan injinan da ke son fili iya ganin ido ba. Ta fi karɓar ƙaramar gona, da kiwon shanun madara, da ciyawa, da katako.

Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar ne ke zaune a wurin, musamman ƙabilar Lenape, kuma sunan Killbuck na ɗaya daga cikin shugabanninsu ne. Bayan da sojojin Amurka suka ci ƙawancen ƙabilun yankin da yaƙi a 1794, aka ƙulla yarjejeniyar Greenville a 1795, aka ja layi: kudu na baƙi, arewa na 'yan ƙasa. Layin ya bi ta cikin abin da ya zama Holmes. Bai daɗe ba, domin a 1805 wata yarjejeniyar ta karɓe abin da ke arewacinsa ma. A 1824 aka yanko gundumar daga maƙwabtanta uku, Wayne da Coshocton da Tuscarawas, aka raɗa mata sunan Andrew Holmes, hafsan sojan da aka kashe a yaƙin Amurka da Birtaniya wanda ya ɓarke a 1812.

Cikin baƙin farko akwai Jonas Stutzman, wanda ya taso daga gundumar Somerset ta jihar Pennsylvania ya sauka kusa da Walnut Creek a 1809. Ɗan ɗariƙar Amish ne. Asalin wannan ɗariƙa ta Kirista yana Turai, cikin masu aƙidar cewa sai mutum ya mallaki hankalinsa za a yi masa baftisma, aƙidar da ta ɓulla a Suwizalan a 1525 kuma ta jawo wa mabiyanta kisa da kora. A 1693 wani malami, Jakob Ammann, ya ɓalle da mabiyansa a kan tsananta horo a cikin jama'a, daga sunansa ne aka samo Amish. Sun ƙaura Amurka neman ƙasar noma da 'yancin ibada, kuma dangin Stutzman da maƙwabtansa suka biyo shi gabashin Holmes.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, gundumar ba ta bambanta da sauran karkara ba. A 1850 tana da mutum kusan 20,000. A 1930 ta sauka ƙasa da 17,000, domin birane irin su Akron da Cleveland suna ta jan 'ya'yan manoma zuwa masana'antu. Daga nan sai lissafi ya juya. A ƙidayar 2020 mutanen Holmes sun haura 44,000, kuma kusan rabinsu Amish ne. Babu wata gunduma a Amurka da kasonsu ya fi haka.

Abu uku suka kawo wannan. Na farko haihuwa: iyalin Amish kan haifi 'ya'ya biyar ko fiye. Na biyu, mafi yawan 'ya'yan, kamar takwas ko tara cikin goma, sukan zaɓi baftisma su zauna cikin ɗariƙar idan sun girma. Shi ya sa jama'ar Amish ke ninkawa kusan duk shekara 20. Na uku shi ne tsarin zama. Ba su da ginin coci. Iyalai kamar 25 zuwa 35 ne ke haɗuwa su yi ibada a gidan ɗayansu duk mako biyu, kuma kowace jama'a tana da ƙa'idojinta game da sutura da na'ura. Haramcin mallakar mota yana da ma'ana a nan: wanda keken doki ne abin hawansa dole ya zauna kusa da danginsa, ya yi ciniki a kasuwar ƙauyensu. A gida suna magana da wani karin Jamusanci, Ingilishi kuwa na makaranta ne da hulɗa da bare. Karatunsu kan tsaya a aji takwas, kuma a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan haƙƙi a shari'ar jihar Wisconsin da Yoder.

Sai dai yawan jama'a ya zo da tasa matsalar, domin ƙasa ba ta haihuwa. Gonar da ta ciyar da uba ba za ta ishi 'ya'ya maza huɗu ba, ga kuma farashin fili yana hauhawa. Wasu iyalai sun ƙaura zuwa wasu jihohi. Waɗanda suka zauna sun koma sana'a: kafinta, gini, sarrafa katako, ƙera kujeru da gadaje da kabad a ƙananan wuraren aiki da ke bayan gida. Yau masu dogara da noma kaɗai su ne 'yan tsiraru a cikinsu, kuma kayan ɗakin da ake ƙerawa a Holmes suna kaiwa ko'ina a Amurka. Baƙi masu yawon buɗe ido ma sun zama hanyar samu, musamman a Berlin da Walnut Creek.

Kada mai karatu ya ɗauka tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. A Holmes ne ɓangaren Swartzentruber, masu tsananin riƙo, ya ɓalle a farkon ƙarni na 20, kuma wasu rabe-raben sun biyo baya a kan tambaya guda: wace na'ura za a karɓa? Yau ana taƙaddama a kan wayar salula da keke mai batir. Yammacin gundumar kuma, inda Amish ba su da yawa, ya fi kama da sauran karkarar Ohio. Keɓewar tana da nata farashi: a 2014 cutar ƙyanda ta kama ɗaruruwan mutane a yankunan Amish na Ohio, har da Holmes, saboda ƙarancin rigakafi, kuma yaron da ya tsaya a aji takwas zaɓinsa kaɗan ne idan ya so fita.

Abin da Holmes ta nuna shi ne cewa watsewar karkara ba ta dogara ga injin noma kaɗai ba. Inda matashi ya samu aikin yi kusa da gida, da jama'ar da za ta taya shi gini da jinya, yakan zauna ko da gonar gado ba ta kai kansa ba. Tambayar da ke gaban Amish yanzu ita ce ko tarbiyyar da aka gina a kan garma za ta ɗore a hannun jikokin da ke rayuwa da zarto da kasuwa.