Gwajin Bayan Gida ko Leƙa Hanji: Wanne Mutanen Gabashin Sakkwato Za Su Karɓa?

Sankarar babban hanji takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, ya yi shekaru bai damu kowa ba kafin ya rikiɗa. Manyan hanyoyin gano shi da wuri biyu ne. Ko dai a zura na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa hanjin, a cire tsiron nan take, a maimaita bayan shekara 10. Ko kuwa a auna bayan gida duk shekara, a nemi jinin da ido ba ya gani. Likitoci sun fi amincewa da ta farko. Ra'ayina shi ne, a Wurno da Rabah da Goronyo, abin da mai jiki zai yarda da shi ya kamata a fara tambaya.

Akwai hujja. A binciken da Inadomi da abokan aikinsa suka buga a 2012 daga San Faransisko ta Amurka, kashi 38 cikin ɗari kacal na waɗanda aka umarta da leƙa hanji suka yi, alhali kashi 69 na waɗanda aka bai wa zaɓi sun kammala gwaji. Can ke nan, inda asibiti ke kusa.

Manomin albasa na Goronyo kuwa, sai ya niƙi hanya zuwa birnin Sakkwato, galibi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a yankin da 'yan bindiga suka sa tafiya ta zama abin fargaba. Kafin nan zai wuni ba tuwo ba fura, sai ruwa da maganin wankin ciki, yana zaryar makewayi, wataƙila a gidan da ya sauka baƙunci. Ga kuɗin mota, ga na ɗan rakiya. Sannan ga kunya, wadda bai kamata a ɗauke ta jahilci ba. Dattijuwar da ta ce sai likita mace, ko sai maigida ya yarda, sharaɗinta ta faɗa, kuma sharaɗi ne da ake iya cikawa.

To, sai a raba kwalaben gwajin bayan gida a huta? Binciken Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2022, ya ja mana kunne. A jihohin Osun da Kwara da Legas, kusan kashi 90 sun mayar da kwalabensu, wato mutane sun karɓa. Amma an ga jini a wajen kashi ɗaya bisa biyar, kuma 'yan ƙalilan ne cikinsu ke da sankara. Basir da tsutsar ciki da atini duk suna zubar da jini, ba kuwa baƙi ba ne a ƙauyukan fadamar Rima. Zafi ma yana lalata jinin da ke cikin kwalbar. A watan Afrilu na Sakkwato, dole a ɗauke ta cikin akwatin sanyi irin na allurar rigakafi.

Saboda haka duk wanda za a ba zaɓi, a gaya masa tun farko cewa idan jini ya bayyana, leƙa hanjin da ya guje wa na nan yana jiransa. Kuma hukumar da ta ba shi kwalba ita ke da alhakin motarsa da ranar ganin likitansa.

Akwai wanda wannan zaɓi bai shafa ba sam. Magidancin da ya yi watanni yana ganin jini, yana ramewa, yana shan jiƙon “maganin basir” na ranar kasuwa, ya wuce gwajin masu lafiya. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya rubuta masa takardar zuwa Sakkwato a ranar.