Daga Iskandariyya zuwa Kano: Yadda Manɗiƙin Yunanawa Ya Iso Ƙasar Hausa

Iskandar na Makidoniya ya mutu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma nan da nan hafsoshinsa suka rarraba daularsa a tsakaninsu. (Ba shi ne Zulƙarnainin Suratul Kahfi ba, Ibn Kasir ya bambance su.) Mulkin ya wargaje, amma Yunananci ya zauna a matsayin harshen fada da na ilimi tun daga Masar har iyakar Hindu, kuma birnin Iskandariyya da ya kafa ya ɗauki ƙarnoni ana karantar da littattafan malaminsa, Arisɗo.

Daga can ilimin ya shiga Suryananci a hannun malaman Nasara, sannan Larabci a Bagadaza, musamman a zamanin Halifa Ma'amun (813-833) da bayansa, ta alƙaluman irin su Hunain bn Is'haƙ da ɗansa. Malamai ba su karɓe shi baki ɗaya ba. Ibn Salah ya haramta manɗiƙi, alhali Imamu Gazali ya sanya shi gabatarwar littafinsa na usulu, Almustasfa.

Abin lura a tarihinmu shi ne, wanda ya tsaya wa wannan fanni ba bafalsafe ba ne. Shaihu Muhammadu bn Abdulkarim Almagili ne, faƙihin Malikiyya mai tsananin kishin shari'a, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ya yi wallafa a kan manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi, wanda ke ganin haramcinsa. Hujjar Almagili ita ce, ana gane mutane da gaskiya, ba a gane gaskiya da mutane, don haka kafircin wanda ya fara tsara ma'auni ba ya ɓata ma'aunin. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi, ko da yake tsoron Suyuɗi ba tsoron banza ba ne.

Ra'ayin Almagili ne ya yi rinjaye a zaurukanmu. Littafin Sullam na Abdurrahman Al'ahdari, mai Ahalarin da yaranmu ke fara fiƙihu da shi, ya zama abin haddacewa. Na tambayi ɗalibaina a nan Badarawa asalin kulliyyatul hamsi da suke rerawa a cikinsa; babu wanda ya san cewa daga Isaguji na Furfuriyus suka fito, mutumin Sur da ya yi rubutu da Yunananci a ƙarni na uku na Miladiyya.