Fakiti Shida da Rabin Awa

Wata Asabar cikin hunturun 2014, lokacin ina karatu a Manchester, wani abokin ajinmu ya ja ni zuwa wani ɗan shagon katunan wasa. Mutum wajen talatin muka tarar a dogayen tebura, kowa da fakiti shida a gabansa, ba wanda ya taɓa nasa. Sai da alƙalin gasar ya ce a buɗe, sannan ɗakin ya cika da ƙarar yagar leda da ƙanshin sabuwar tawada. Wasan shi ne Magic: The Gathering, tsarin gasar kuwa Sealed Deck ake ce masa, wato dami rufaffe. Ba ka zuwa da komai daga gida. Abin da ya fito daga fakitinka, kati kusan casa'in, daga ciki za ka haɗa damin arba'in cikin rabin awa ko sama da haka kaɗan, da shi za ka kara da kowa har yamma.

Daga baya na gane cewa wannan tsari ya fi kowane kusa da abin da wanda ya ƙirƙiro wasan ya nufa tun farko. Richard Garfield masanin lissafi ne, a Jami'ar Pennsylvania ya yi digirin digirgir. A 1991 ya kai wa Peter Adkison, mai wani ƙaramin kamfani da ake kira Wizards of the Coast a jihar Washington, wani wasan allo mai suna RoboRally. Adkison ya ce ba shi da ƙarfin buga shi, abin da yake nema wasa ne marar tsada da zai shiga aljihu, a gama shi cikin 'yan mintuna. Garfield ya dawo da katuna. A watan Agustan 1993 aka fito da su a taron Gen Con da ke Milwaukee: bugun farko, Alpha, kati iri 295, kwafi miliyan 2.6, kamfanin Carta Mundi na Beljiyam ne ya buga.

Lissafin Garfield shi ne mutum zai sayi dami ɗaya mai kati 60 da 'yan fakiti kaɗan masu kati 15, ya yi wasa da abokansa da abin da ya samu. Shi ya sa bai ji tsoron sa katuna masu ƙarfin gaske irin su Black Lotus ba, don a ganinsa da wuya a sami fiye da ɗaya a cikin abokai goma. Har ya sa dokar jingina: kafin a fara, kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Wannan dokar ban yi kewarta ba, caca ce tsagwaronta, kuma kamfanin ma ya watsar da ita. Kati na ƙarshe da ya ambace ta a 1995 ya fito, cikin jerin Homelands.

Amma lissafin masanin lissafi ya kuskure wajen mutane. Kwali-kwali suka riƙa saye. Katunan da aka zaci za su daɗe a kasuwa suka ƙare cikin 'yan watanni, mai kuɗi ya tara mafiya ƙarfi ya zuba a dami guda, marar kuɗi ya zama abin tattakawa. A 1994 hukumar gasa ta kamfanin, Duelists' Convocation, ta ɗaure abin: dami kada ya gaza kati 60, kada kati iri ɗaya ya wuce kwafi huɗu, wasu ma ɗaya tak. Ta rage ɓarna, amma ba ta hana aljihu magana ba. Dami rufaffe ne ya rufe wa aljihu baki. A Toronto, cikin 1995, aka yi gasar ɗanɗanon jerin Ice Age kafin ya shiga kasuwa, aka raba wa kowa rufaffun katunan da bai san su ba, al'adar da har yau ake yi duk lokacin da sabon jeri zai fito. Zuwa Mirage a 1996, masu tsara katunan sun fara yin su da irin wannan gasa a zuciya, suna kula da cewa kowane launi ya sami halittun da za su ishe shi faɗa. A da, a irin wannan gasa, babban kwali ɗaya ake bayarwa da fakiti biyu. Bayan Shards of Alara na 2008 aka daina kwalin, aka koma fakiti shida.

Ni dai ran nan na jera katunana launi-launi: fari, shuɗi, baƙi, ja, kore. A cikin ja sai ga wani dodo mai fikafikai, zanensa kaɗai ya tafi da hankalina. Fari da baƙi ne suka fi yawa a wurina, amma na kasa rabuwa da dodon, na cusa launi uku a dami ɗaya, na rage katunan ƙasa zuwa goma sha biyar don komai ya samu wuri. Katunan ƙasa su ne ke ba da mana, ƙarfin da ake biyan kowane kati da shi, kuma kowane launi da irin ƙasarsa. Zagaye biyu dodon na hannuna, Dutse, wato ƙasar ja, bai fito ba, ina kallo rayukana ashirin suka zube.

Wanda ya doke ni a zagaye na biyu dattijo ne mai furfura, ya ce tun 1994 yake wasan. Ya nemi izini ya baje katunana a tebur, ya jera su daga masu araha zuwa masu tsadar mana, sai na ga tsakiyar babu komai, duk nauyin ya taru a ƙarshe. Ya zare dodon ya ajiye gefe a hankali. Ya ce, "Ɗana, launi biyu, ƙasa goma sha bakwai, sauran ashirin da uku. Fara duba abin da zai kashe halittar abokin karawarka, sannan masu tashi sama, sannan waɗanda za ka iya saukewa tun juyi na biyu da na uku na wasa." Wannan ƙididdiga ba doka ce rubutacciya ba. 'Yan wasa ne suka tace ta shekara da shekaru, da shan kaye irin nawa, suna miƙa wa na baya a bakin tebur. A gida, in ji shi, yana da katunan da suka fi kuɗin makarantata, amma a wannan ɗaki ba ɗaya da ya isa ya fito da shi. Abin da ya fi ni da shi ido ne, kuma ya ba ni kyauta.

Akwai masu cewa tsarin rabo ne kawai, wanda ya buɗe bam, wato kati mai ƙarfin gaske, ya gama. Rabo na ciki, ban musa ba, amma na sha ganin mai katunan banza ya haura mai bam biyu don ya san abin da zai bari. Manyan gasa ma sun ɗauki amanar abin da muhimmanci: akwai zamanin da in ka buɗe fakitinka sai ka rubuta kowane kati a takarda, a karɓe a miƙa wa wani, kai kuma a ba ka na wani, don kada a shigo da kati daga aljihu. Mutane sun sha ficewa daga gasa don kada su rabu da kati mai tsada da suka buɗe, har daga baya aka sauya, kowa ya riƙe nasa, na gabansa ya shaida ya rubuta.

Daga 2024 fakitin ya koma kati 14, amma har yanzu shida ake bayarwa, arba'in ake haɗawa. Ran nan, da damin da dattijon ya gyara mini, fari da baƙi, na ci zagaye na uku da na huɗu. Dodon yana nan cikin littafin da na dawo da shi gida, ban taɓa sauke shi a tebur ba.