Cutar Tabon Mai ta Rumman

Cutar tabon mai annoba ce da ke kama rumman, itaciyar nan da Alƙur'ani mai girma ya ambata sau uku, kuma musabbabinta ƙwayar baktiriya ce, wani nau'in Xanthomonas; an fara gano cutar a Delhi ta Indiya a 1952, kafin ta addabi gonakin Solapur a can Indiya. Alamarta ɗigo-ɗigo a ganye tamkar an yayyafa mai, sa'an nan su yi baƙi, 'ya'yan su tsattsage, rassa su karye daga gaɓa. Ruwan sama da iska da wuƙar manomi ke yaɗa ta. Mai lambu a Yendi ko Bawku, in ya ga haka, wajibi ne ya sare abin da ya kamu ya ƙone, ya tsarkake wuƙarsa, ya fesa magani mai sinadarin jan ƙarfe.