Manhajojin adana bayanai da takardu

Manhajojin adana bayanai su ne waɗanda mutum ke tara rubuce-rubucensa, hotunan takardu da lissafinsa a cikinsu, a waya ko kwamfuta, don ya same su idan buƙata ta taso. Daga cikin fitattunsu akwai OneNote na kamfanin Microsoft (2003), Google Keep (2013), Obsidian (2020), da Evernote, wanda kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saya, ya kuma taƙaita masu amfani da shi kyauta ga rubutu 50 a ƙarshen 2023.

Babban abin da ya raba su shi ne inda bayanan ke zama. Google Keep yana ajiye su a asusun Google, don haka ko waya ta ɓata, suna nan. Obsidian kuwa fayiloli yake ajiyewa a cikin na'urar kanta. Ba ya neman data, amma idan wayar ta lalace ba a kwafe ba, shi ke nan.

A ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ta jihar Kano, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take, dillalin da ke lissafin buhunan riɗi da zoɓo da bashin abokan ciniki ya fi dacewa da Keep, saboda sauƙinsa da ɗaukar hoton rasit. Ɗalibi mai haɗa darussa da yawa zai fi amfana da OneNote. Duk da haka, har yanzu ana amfani da littafin lissafi da saƙon murya na WhatsApp a rumfunan kasuwa.